Yadda na koma zama a jirgin ruwa a Ingila, daga wurin dillali har ƙarshen hunturun farko

Kuɗin haya ne ya kore ni daga tudu. Ina aiki a wani asibiti a yammacin Landan, kuma ɗaki ɗaya tal, a gidan da nake raba kicin da ban ɗaki da mutanen da ban sani ba, yana lashe kusan rabin albashina. Wata abokiyar aikina Baturiya da ta daɗe tana zaune a jirgi ita ta fara sa mini abin a rai. Tun da na koma, 'yan uwa masu karatu da masu aiki a nan suke ta tambayata, wasu da zolaya wasu da gaske. Ga yadda abin ya gudana daki-daki, domin akwai matakan da in ka sa na baya a gaba, kuɗinka ne zai tafi a banza.

Ruwan da ake magana ba teku ba ne, ba kuma kogi ba. Kanal ne, hanyoyin ruwa da aka haƙa da hannu a ƙarni na 18 da na 19 don jigilar kwal da ƙarfe da tukwane, lokacin da doki ne ke jan jirgin yana tafiya a gefen ruwa. Hukumar Canal & River Trust, wadda ta gaji British Waterways a 2012, ita ke kula da kusan mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales. Jirgin da aka fi zama a ciki siriri ne, faɗinsa ƙafa 6 da inci 10, tsawonsa kuma yakan kai ƙafa 70 da ɗoriya. In ka miƙa hannuwanka biyu a ciki, saura kaɗan ka taɓa bango da bango. Masu ƙwarewa sun ba ni shawarar kada in wuce ƙafa 57, saboda akwai hanyoyi a arewacin Ingila da jirgin da ya fi haka tsawo ba ya shiga.

Abu na farko da abokiyar aikin nan ta sa ni yi, kafin in kalli ko tallan jirgi ɗaya, shi ne in kwana a nata a watan Janairu, ranar da take aikin dare. Ta ce duk wanda ya ga jirgi da rani zai so shi. Na farka da asuba murhu ya mutu, numfashina na fita kamar hayaƙi, tagogi na ɗigar da ruwa. Na kunna wuta, cikin rabin sa'a ɗakin ya ɗumama har na cire rigar sanyi. Daga nan na biya kuɗin horon tuƙi na kwana biyu, wanda RYA, ƙungiyar masu tuƙin jiragen ruwa ta Birtaniya, ke ba da takardarsa. Doka ba ta tilasta wa kowa lasisin tuƙi a kanal ba, ko yau ka saya yau za ka iya tayar da inji, amma ƙarfe ne mai nauyin tan goma sha wani abu, ba shi da birki, kuma sandar tuƙin in ka tura ta dama hancin jirgin hagu zai nufa. A nan na koyi cewa gudun da aka yarda da shi mil 4 ne a sa'a, ana kaucewa ta dama in an haɗu, kuma in za ka wuce jiragen da ke ɗaure sai ka rage wuta har ƙasa, in ba haka ba igiyoyinsu su fizge, mutane su leƙo ta taga suna yi maka tsawa.

Neman jirgi ya kai ni yankin Northamptonshire, wajen ƙauyen Braunston, inda kanal ɗin Grand Union ya haɗu da na Oxford. Dillalai sun yi yawa a can, kuma farashi ya fi na Landan sauƙi. Za su ba ka makullai ka shiga jirage ka duba da kanka. Sayen jirgi kamar sayen mota 'yar Kwatano ne: fenti da labule ba sa gaya maka komai, abin da ke ƙasa shi ne magana. Tsarin shi ne ka taya, in an sallama ka ba da kafin alƙalami, yawanci kashi goma cikin ɗari, bisa sharaɗin cewa za a fito da jirgin daga ruwa mai duba lafiyar jirage ya gwada shi. Ka tabbata an rubuta wannan sharaɗi a takarda, kuma kai za ka nemo mai dubawar, kai za ka biya shi, ba dillali ba. Ka kuma sani cewa ba a ba da bashin gida a kan jirgi. Ko dai kuɗi a hannu, ko bashin banki mai ruwa, wanda ni na guje masa. Tarin da na yi da gudummawar wani yayana ne suka haɗa mini kuɗin.

Jirgi na farko da na taya ya faɗi gwajin. Na tsaya a gefe cikin yayyafi ina kallon mutumin yana bin jikin jirgin da guduma da wata na'ura mai auna kaurin ƙarfe, yana zana lambobi da alli. Ƙa'idar ginin yawancinsu ita ce milimita 10 a gindi, 6 a gefe, 4 a ɗaki. A wannan jirgin tsatsa ta ci ramuka a daidai inda ruwa ke tsayawa, wasu wuraren sun sauka ƙasa da milimita 4, kuma kamfanonin inshora da yawa ba sa karɓar haka. Maganinsa a yi wa jirgin waldar sabon ƙarfe a kan tsohon, aikin dubban fam. Mai jirgin ya ƙi rage kuɗi, na janye, aka mayar mini da kafin alƙalamina. Kuɗin dubawa da na fito da jirgi kuwa, kusan fam 800, sun tafi. Ranar na koma Landan a jirgin ƙasa raina a ɓace, amma da na saya ido rufe da asarar ta ninka haka sau goma. Na biyun, ginin tsakiyar shekarun 1990, ƙafa 57, ya tsallake. Rahoton ya nuna batura sun gaji da wasu ƙananan gyare-gyare, na yi amfani da shi aka rage mini wani abu, muka daidaita a ƙasa da fam 40,000 kaɗan.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne babu wata takardar mallaka ta gwamnati irin ta mota ko ta fili. Abin da za ka riƙe shi ne takardar ciniki da kai da mai sayarwa kuka sa wa hannu, da duk tsofaffin rasiɗai da lasisin baya da za su nuna jirgin nasa ne. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa na bi ta hannun dillali maimakon tallan intanet.

Takardu uku ake buƙata kafin ka motsa, kuma a jere suke. Ta farko takardar shaidar tsaro, wadda ake kira BSS, mai aiki shekara huɗu. Mai duba ta yana bin bututun iskar gas, wayoyin lantarki, tankin mai, abin kashe gobara da kafofin shan iska, kuma tun 2019 dole a sami ƙararrawar da ke jin hayaƙin nan mai kisa marar wari. Tawa tana da sauran shekara biyu, sai na gaje ta. Ta biyu inshora, wadda aƙalla za ta iya biyan ɓarnar da ka yi wa wani har fam miliyan biyu. Sun nemi rahoton dubawar nan saboda shekarun jirgin, suka ba ni wa'adin kammala gyare-gyaren da ke ciki. Sai da waɗannan biyu suka kammala na shiga shafin hukumar na mayar da lambar jirgin sunana, na sayi lasisin shekara, wanda ya haura fam dubu. Duk a waya na yi, ban taka ofishin kowa ba.

A wurin cike lasisin ne ake yi maka tambayar da za ta tsara rayuwarka gaba ɗaya: kana da matsaya ta dindindin ko ba ka da ita? Matsayar da aka yarda a zauna a cikinta a Landan tana da wuyar samu, kuma kuɗinta na iya kamo hayar da ka gudo daga gare ta. Hanya ta biyu ita ce ka yi rajista a matsayin mai yawo kullum. Dokar hanyoyin ruwa ta 1995 ta ba da wannan dama, da sharaɗin ba za ka wuce kwana 14 a wuri ɗaya ba, kuma tafiyar ta zama tafiya ta gaske, ba kai-komo tsakanin gadoji biyu ba. Hukumar tana sa ran a cikin shekara tazarar da ka rufe ta kai mil 20 ko fiye. Ma'aikatanta na bin gefen ruwa suna rubuta lambobin jirage, kuma wanda bai yi nisa ba sai a ba shi lasisin wata shida maimakon shekara, in bai gyara ba a hana shi gaba ɗaya. Daga Afrilun 2024 an fara ɗora wa masu yawo ƙarin kuɗi a kan lasisi, wanda ke hawa kowace shekara. Ni wannan hanyar na zaɓa.

Na ɗauki hutu a wurin aiki don kawo jirgin Landan, wani abokina ɗan Zariya ya raka ni kwanakin farko. Aikin tafiyar duk a lok yake, wato ɗakin ruwa mai ƙofofi gaba da baya wanda ke hawa da jirgi tudu ko ya sauko da shi. Ka shiga, ka rufe ƙofa, ka ɗauki wani ƙarfe mai lanƙwasa ka murɗa makaran ruwa su buɗe, ka jira ruwa ya daidaita, sannan ka jingina bayanka da katakon ƙofa ka tura. Tsakanin Landan da Birmingham akwai irinsu 166 a kan Grand Union. Haɗarin da malamin tuƙi ya fi nanata mana shi ne dakalin siminti da ke ƙarƙashin ƙofar sama: in kana sauka, in bayan jirgin ya hau kansa, ruwa na janyewa hanci zai nutse, cikin minti kaɗan jirgi ya cika. Akwai farin layi da aka zana a bango, kada bayan jirginka ya wuce shi, kuma kada ka kama hira ko waya a wannan lokacin. Kanal ɗin kansa a yawancin wurare bai wuce ƙugu ko ƙirji ba, amma lok yana da zurfi da santsi. Ni da ban iya iyo sosai ba, rigar ceto ba ta barin jikina a wurin.

Ramin Blisworth ne ya fi tsaya mini a rai. Kusan kilomita uku a ƙarƙashin tudu, duhu ƙirin, ruwa na zubo maka a ka ta ramukan iska, fitilar wani jirgi na tahowa kana rantsuwa ba za ku wuce juna ba, sai ga shi kun wuce da tazarar tafin hannu. Babu hanyar doki a ciki. A da mutane ne ke kwanciya a kan katako suna taka bango da ƙafa har su fitar da jirgin. Bayan nan sai Stoke Bruerne, Milton Keynes, hawan Marsworth zuwa Tring, sannan gangara ta Berkhamsted da Watford da Rickmansworth har Uxbridge. Abokina ya koma, na ci gaba ni kaɗai, kuma a nan na ga halin mutanen ruwa. Lok ɗin wannan hanya yana ɗaukar siraran jirage biyu gefe da gefe, saboda haka in ka ga wani na tafiya inda za ka, sai ku haɗu ku raba aikin. Wasu tsofaffin mata da miji da suka yi ritaya sun yini tare da ni, matar na koya mini ɗaurin igiya, mijin na tambayata labarin Kano.

Ana shiga gari farfela ta fara kama shara. Za ka ji inji na kuka amma jirgi ba ya gaba, sandar tuƙi na rawa a hannunka. Akwai wani murfi a bayan jirgi daidai saman farfela: ka kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihu, ka buɗe, ka zura hannu cikin ruwan sanyi har kafaɗa ka yanke leda ko igiya ko tsohuwar riga. Ka ɗaure murfin tamau in ka gama, domin jirage sun nutse ta wannan kafar. Ka kuma wanke hannu da sabulu, ruwan na ɗauke da cutar da ake samu daga fitsarin ɓera. Kowace yamma bayan tafiya akwai wani ɗan famfon giris da ake murɗawa don toshe ɗigar ruwa ta inda sandar farfela ta fita, sannan ka leƙa ƙarƙashin inji ka ga ko ruwa ya taru.

Zaman yau da gobe kuwa lissafi ne na abubuwa huɗu: ruwa, wuta, mai, da ban ɗaki. Tankin ruwa ana cika shi a famfunan hukuma da wani makulli na musamman, kuma a Landan ranar Asabar za ka iya tarar da layi, kowane jirgi na ɗaukar kusan sa'a. A nan akwai abin da Turawan da suka ba ni shawara ba su lissafa da shi ba. Su takarda suke amfani da ita, mu kuwa buta. Masan jirgina irin mai akwati ne da ake zarewa a kai wurin zubarwa, kuma abin da suka ce zai yi mini kusan mako, da tsarki da ruwa bai kai rabin haka ba. Na sayi akwati na biyu da ƙaramin kura na jan kaya. Duk Musulmin da zai sayi jirgi ya sa wannan a lissafi tun wurin zaɓe. Alwala ma ta koya mini tattali, buta ɗaya ta isa. Alƙibla kuma sai an sake dubawa duk lokacin da aka sauya matsaya, tunda kanal lanƙwasa yake yi, wani lokaci sallaya ta daidaita da tsawon jirgi, wani lokaci sai an karkace a ɗan filin da ke gaban murhu. Juma'a ba ta ba ni wahala ba: in ina wajen Southall masallatai sun wadata, in na matso Little Venice kuma babban masallacin Regent's Park na kusa da bakin kanal.

Lantarki daga batura yake, farantan sola na cika su daga bazara zuwa kaka har ka manta da maganar. Daga Nuwamba rana ta zama baƙuwa, sai ka kunna inji sa'a ɗaya ko biyu a kullum, kuma ƙa'ida ta hana kunna inji ko janareta a matsaya daga ƙarfe takwas na dare zuwa takwas na safe. Ga mai aikin asibiti da ke fita da duhu ya dawo da duhu, wannan matsala ce ta gaske. Na riƙa cajin waya da kwamfuta a wurin aiki, na kashe firji na mayar da akwatin da ke waje ma'ajiyar abinci, sanyin gari ya isa. Baturan gargajiya ba a bari su sauka ƙasa da rabi, in ba haka ba hunturu ɗaya zai kashe su. Kwal da man dizal da tukunyar gas kuwa akwai jiragen 'yan kasuwa da ke bin kanal suna sayarwa. Ka tura musu saƙo, ko ba ka nan za su ɗora maka buhuna a kan rufi, ka biya ta banki. Wurin sayen dizal za a tambaye ka kashi nawa na tuƙi ne, kashi nawa na ɗumama ɗaki da wuta, domin harajinsu daban.

Hunturu ya zo da raɓa a bango da tufafi masu warin danshi. Maganin shi ne wuta ta kwana a murhu, taga kuma a bar ta a ɗan buɗe, kuma kada sanyi ya sa ka toshe kafofin iska, nan ne hayaƙi ke kashe mutane cikin barci. Akwai safiyar da kanal ya daskare, ba a motsi sai an fasa ƙanƙara, wadda ke kankare kwaltar jikin jirgi. A irin wannan hali ana sanar da hukuma a zauna har ta narke. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma ana rufe wasu lok don gyara, ana fitar da jadawalin tun da wuri, sai ka tsara inda za ka kasance kada a rufe da kai nesa da famfo.

Maganar adireshi ta fi damun irinmu baƙi fiye da 'yan ƙasa. Banki, wurin aiki, da ofishin shige da fice duk suna son adireshi, kuma mai biza wajibi ne bayanansa su kasance daidai. Wani ɗan uwa ya yarda wasiƙuna su riƙa zuwa gidansa, na kuma gaya wa wurin aikina gaskiyar inda nake kwana. A wani ƙaramin asibitin unguwa mai karɓar baƙi ta ce sai na kawo takardar shaidar gida. Na nuna mata ƙa'idar hukumar lafiya da ta ce ba a hana mutum rajistar likita a Ingila don rashin adireshi, ta shiga ciki ta tambaya, ta dawo ta ba ni fom. Mai yawo ba ya biyan harajin gida na ƙaramar hukuma, wannan sauƙi ne.

Da na zauna na yi lissafin shekara, lasisi da inshora da mai da kwal da gas, da canjin man inji bayan kowace sa'a 250, da abin da nake warewa don fito da jirgi a shafa masa kwalta duk shekara biyu zuwa uku, da sababbin batura, ya yi ƙasa da hayata sosai. Sai dai ragowar da jiki ake biya. Kowane mako biyu ranar hutu ɗaya ta tafi a matsawa, cika tanki, zubar da masai da neman gurbi, wanda a tsakiyar Landan sau da yawa sai dai ka ɗaura a jikin jirgin wani. Akwai watannin da nake mintuna ashirin da asibiti a keke, akwai waɗanda nake can wajen Rickmansworth ina haɗa keke da jirgin ƙasa. Jirgi kuma ba ya ƙara daraja yadda gida ke yi.

Saboda haka nake tambayar duk wanda ya kira ni abu uku kafin mu yi maganar farashi: ranakun aikinsa suna barinsa ya matsa a kan lokaci, zai iya durƙusawa cikin ramin inji ya canza bel ko matatar mai da kansa, kuma shi kaɗai ne ko da iyali? Mai yara 'yan makaranta kada ya fara sai ya sami matsaya ta dindindin a hannu, a rubuce, kafin ya taya jirgi. Wanda bizarsa ta rage shekara ɗaya ma ya haƙura, domin sayar da jirgi na iya ɗaukar watanni, kuma lasisi da inshora ba sa tsayawa don ka bar ƙasar. Wanda ya tsallake waɗannan, ya ware aƙalla fam 3,000 a gefe bayan kuɗin saye, kuma ya sa a duba masa jirgin a wajen ruwa ko da mai sayarwa ya nuna masa rahoton bara.